Darussan kula da dandalin sada zumunta na kanka

A ranar 5 ga Yuni 2021 kamfanonin sadarwa a Najeriya suka toshe Twitter bisa umarnin gwamnatin tarayya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Toshewar ta zo da sauƙi saboda gida ɗaya ne mai ƙofa ɗaya. Mastodon, dandalin sada zumunta mai kama da Twitter wanda Eugen Rochko ya fito da shi a Jamus a 2016, ƙofofinsa dubbai ne: sabobi barkatai, wato kwamfutocin da ke riƙe da dandalin a intanet, kowace da mai ita, suna musayar saƙo ta ƙa'idar ActivityPub, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. Sai dai duk wanda ya riƙe irin wannan saba yakan gane cewa wuraren da za a shaƙe shi suna nan, tsaronsu ne kawai ya dawo wuyansa.

Na farko, kuma wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne adireshin shafin. A Mastodon adireshin yana manne da sunan kowane mai asusu, kuma da zarar sauran sabobi sun san ka da shi, ba ya canzuwa. Harrufan da ke ƙarshensa kuwa suna da mai su. A 2023 gwamnatin Mali ta karɓi ikon .ml, harrufan ƙarshen adireshi na ƙasarta, daga kamfanin da ke raba shi kyauta, wasu dandalin da suka ginu a kansa suka wayi gari babu su. Idan tsoronka gwamnatin wata ƙasa ce, kada ka ɗauki adireshi mai harrufan ƙasar. Ka biya kuɗin rajista na shekaru biyu ko uku gaba, kuma mutum biyu amintattu su san yadda ake shiga asusun rajistar.

Ana yawan cewa in saba ta mutu sai ka yi ƙaura da asusunka zuwa wata saba. Ƙaurar tana yiwuwa ne idan tsohuwar sabar tana da rai, domin ita ke sanar da mabiyanka inda ka koma. Mabiya ke tafiya, rubuce-rubucenka suna nan inda ka bar su, kuma sai bayan kwana 30 za ka iya sake wata ƙaurar. Saboda haka a koya wa jama'a sauke jerin waɗanda suke bi tun ana zaman lafiya.

Ita na'urar, gigabait 2 na RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) zai ɗaga Mastodon da ƙyar, 4 ya fi kwanciyar hankali, don manhajojin da Mastodon ke dogaro da su, PostgreSQL (rumbun bayanai) da Redis da Sidekiq, duk a kai suke ci. Abin da ke kayar da sabbin hannu shi ne ma'ajiya, wato wurin adana fayiloli a na'urar. Sabarka tana kwafo hoto da bidiyon duk wanda mutanenka ke bi a wasu sabobin, ko da ku ashirin ne. Ranar da ma'ajiyar ta cika, PostgreSQL ya daina rubutu, shafi ya tsaya cik. Maganinsa a saita umarnin tootctl media remove --days=7 ya riƙa gudana kowane dare, yana goge hotuna da bidiyon wasu sabobin da suka wuce kwana bakwai. Ga ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma ko ashirin ba, na fi ganin dacewar GoToSocial, wata manhaja mai aiki irin na Mastodon wadda ba ta da cin RAM.

Ajiye sabar a gida yana da daɗin faɗa, amma ga ɗaukewar wuta, ga shi yawancin layukan waya ba sa ba ka adireshin IP (lambar na'ura a intanet) naka kai kaɗai da na waje za su iso ka ta kansa. Hayar saba a waje kuma da kuɗin ƙasar waje ake biya, kuma kamfanin zai iya rufe ka idan an kai ƙara. Abin da ke ceto shi ne kwafin ajiya na kullum a wani kamfanin daban: rumbun bayanai, fayil ɗin .env.production mai ɗauke da mabuɗan sirri, da hotunan da mutanenka suka ɗora. A gwada dawo da kwafin a wata na'ura aƙalla sau ɗaya, kada sai ranar wanka a tarar ba ya buɗuwa.

Kwafin nan kansa amana ce mai nauyi. A 2023 jami'an FBI a Amurka suka ƙwace kwamfutar ɗaya daga masu kula da wata sabar Mastodon mai suna Kolektiva, a cikinta akwai kwafin rumbun bayanai da ba a kulle ba. Saƙon sirri a Mastodon ba a rufe yake daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba, mai saba zai iya karantawa, wanda ya kama na'urarsa ma haka. A faɗa wa 'yan jarida da masu fafutuka wannan ƙarara, maganar da za ta jefa wani cikin haɗari a kai ta Signal, manhajar da ke rufe saƙo daga mai aikawa zuwa mai karɓa.

Kada a bar rajista a buɗe babu tantancewa. Masu tallan banza za su cika gidan, sauran sabobi su yanke hulɗa da kai.

Duk wannan yana aiki ne muddin akwai intanet. Nijar ta katse na wayar hannu kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, a Satumban shekarar kuma aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya. A irin wannan hali sai manhaja kamar Briar, mai haɗa wayoyin Android ta Bluetooth ko Wi-Fi a ɗan gajeren zango, kuma gara a sauke ta kafin a ɗauke layin.