Muryar da ke bayan labule

Yadi shida na sayo ranar Asabar a Babbar Kasuwa, ruwan ɗorawa, mai shara-shara, irin wanda in mutum ya zauna a bayansa za a ga inuwarsa amma ba a ganin fuskarsa. Mai shagon ya ɗauka na ɗakin amarya ne. Na ce masa na fadar Sarkin Sin ne, kuma a ɗakin taron makarantarmu za a rataya shi ƙarshen wannan zango.

Ƙanena ne silar abin. Shi ya turo mini bidiyon wani wasan dandamali da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, a kan uwar sarkin nan ta ƙasar Sin da ake rubuta sunanta Cixi, mu kuma a aji muke cewa Tsishi. Na kalle shi a waya cikin dare, na sake kallo da safe. Kayan adon sun yi kyau, fitilun ma haka, amma labulen ne ya tsaya mini a rai. Shekara tara ina koyar da Hausa da wasan kwaikwayo ga 'yan mata a nan Sakkwato, ban taɓa samun labarin da abu ɗaya tak a kan dandamali zai ɗauke shi gaba ɗaya ba sai wannan.

An haifi Tsishi a 1835. Tana da shekara goma sha shida aka shigar da ita fada a matsayin ƙwarƙwara, cikin na ƙasa-ƙasa ma. Haihuwa ce ta ɗaga ta, domin a 1856 ta haifa wa sarki ɗa namiji, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka shigo Beijin suka ƙone tsohuwar fadar shaƙatawa, sarki ya gudu arewa, can ya rasu a 1861, ya bar yaro ɗan shekara biyar da fadawa takwas da za su riƙe masa mulki. Ba a rufa wata uku ba, Tsishi ta haɗa kai da uwargidan marigayin da wani ƙanensa, suka kama fadawan. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu aka sare masa kai. Daga nan aka kafa tsarin da ya sa na sayi yadina: yaro a kan karaga, matan biyu a bayansa, labulen siliki a tsakani, manyan ƙasa na durƙushe suna kawo magana, amsa na fitowa daga inda ba sa gani.

Da na ba Inna, yayar mahaifiyata, wannan labari, ko gezau ba ta yi ba. Ita a gidan sarauta ta tashi, ta san jakadiya, ta san yadda magana ke fita daga cikin gida da dare ta wayi gari a zaure ta zama hukunci. Ta ce mini: "Ke ɗiyata, mi ab baƙo cikin wanga zance? Su dai sun rataya labulensu inda kowa ka gani nai." Na rubuta maganar nan a bayan littafina, kuma ita ce ta buɗe mini hanyar shirya kiɗan wasan.

A gaban labule za a yi waƙar fada irin tamu, da jagora da 'yan amshi, a yabi sarki, a yi wa abokan gaba zambo da habaici. Mun saba da wannan a ƙasar da taushi da kotso suka yi suna. Sai dai waƙar fada ta masu rawani ce, ba ta leƙa zuciyar matar da ke ciki. Don haka a bayan labule ba za a ji ganga ba, shantu kaɗai za a ji, da ƙwarya a wurin da abu ya yi zafi. Duk abin da Tsishi ba za ta iya faɗa wa fadawa ba, da shantu za ta faɗe shi. Inna ce ta ara mana nata, ta kuma zauna da yaran yini guda tana nuna musu yadda ake buga shi a cinya.

Yarinyar da za ta hau matsayin Tsishi 'yar aji biyar ce, mai sanyin murya. Ranar gwajin farko ta ɗaga gefen labulen ta leƙo ta ce: "Malama, wagga mata mugunya ta, ko ta kirki ta? In ban sani ba, ban iya waƙar." Na ce ta koma ta zauna, mu bi rayuwar tukuna.

Ɗan Tsishi ya rasu a 1875 yana da shekara goma sha takwas, bai bar magaji ba. Ta ɗauko ɗan ƙanwarta, yaro ɗan shekara uku, ta ɗora shi a karaga, ta koma bayan labule. Da yaron ya girma ya so kawo gyara cikin gaggawa a 1898, kwana ɗari da uku aka yi ta karɓe mulki, ta tsare shi a wani tsibiri da ke cikin tafkin fada, aka kashe mutum shida daga cikin masu ba shi shawara. Ita ce kuma a 1902 ta fitar da umurnin a daina ɗaure ƙafafun 'yan mata, al'adar da ta nakasa mata ɗaruruwan shekaru, a zamaninta kuma aka soke tsohuwar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1905 don a buɗe makarantun zamani. Duk hannu ɗaya ne ya yi waɗannan.

Wurin da muka fi daɗewa a kansa shi ne 1900. Rundunar ƙasashe takwas ta doshi Beijin, Tsishi ta yanke dogayen faratanta, ta sa tufafin matan ƙauye, ta fice zuwa birnin Shi'an. Kafin ta fita, bayin fada suka jefa matar da sarki ya fi so cikin rijiya, da umurninta. Shekarar matar ashirin da huɗu. Rijiyar na nan har yau a cikin fada, baƙi na zuwa suna kallonta. Wata abokiyar aikina ta ba ni shawarar in cire wannan fitowa, tana ganin ta yi wa yara nauyi, kuma iyaye za su zo. Na yi kwana biyu ina juya maganar, domin da gaskiyarta. Amma in na cire rijiyar, na mayar da wasan kirari, kuma ba zan koya wa 'yan matana cewa don mace ta riƙi mulki shi ke nan an yafe mata jini ba. Ba za mu nuna jefawar ba. Guga da igiya kawai za a gani a gefen dandamali, shantu ya yi shiru.

Gudun nan nata kuwa bai yi wa yaran nisa ba. Da na ce musu shekara uku bayansa, a Maris na 1903, Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas har Burmi, sai ajin ya yi tsit. A wannan shekarar ce Tsishi, bayan ta dawo gida, ta zauna wata Ba'amurkiya ta zana hotonta don duniya ta ga fuskarta.

Sarkin da ta tsare ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 1908, ita kuma washegari. A 2008 masu bincike suka sami guba mai yawa a gashinsa da ƙasusuwansa. Na gaya wa yarinyar wannan ma, ban rage mata komai ba.

Jiya muka gwada waƙar ƙarshe. Na ce ta rera ta a zaune, kada ta fito ko da an tafa. Ta rera baiti huɗu, a na biyar muryarta ta karye, ta yi shiru, mai shantu ta ci gaba ita kaɗai. Na ce su bar shi haka ranar wasa. Saura mini ɗinkin rigar ƙaramin sarki, da neman igiyar guga mai kauri wadda na bayan ɗaki za su iya hangowa.