Daren da muka kira kowa da kowa

Ni ne sakataren 'yan sintirin kasuwarmu, nan wajen Berger bakin iyakar Legas da Ogun. Wanda ya san wurin ya san rikicinsa, nan kana Legas, ka ɗan matsa gaba ka faɗa Ogun, kowace jiha da kwamishinanta na 'yan sanda, kowane caji ofis da inda ikonsa ya tsaya, nan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci na Legas, can TRACE na Ogun, titin kuma na tarayya ne ga 'yan rod sefti.

Wani dare tirelar shanu ta kife, yaron mota ya maƙale a ciki, kan kace me ɓata gari sun fara jan shanu. Wallahi laifinmu ne farko. Na kira 112, lambar kiran gaggawa, mataimakina ya kira DPO ɗin da ya sani, wani dattijo ya kira na ɗaya ɓangaren, ni nace ƙarƙashin gada, shi yace bakin Kara wato kasuwar shanu, dattijo yace kusa da masallaci, to masallaci nawa ne a wurin fisabilillahi? Motar sintiri ɗaya ta wuce mu, ɗaya ta tsaya can nesa tana ganin ba yankinta bane, da suka haɗu kuma oba-obansu ba layi ɗaya ba, sai da wayata suka yi magana da juna. Allah ya taimaka aka ciro yaron da rai.

Bayan sati biyu muka roƙi sarkin kasuwa ya tara jami'an ɓangarorin biyu, shi kam ana jin kunyarsa. Aka sha shayi, aka buɗe gurup a WhatsApp. Muka tsayar mutum ɗaya ne zai riƙa kira, wanda ya riga isowa shi ke ba da umarni har mai yankin ya zo ya karɓa, maganar wa ke da kes sai an kwashe masu rauni. Abin da ya fi cin lokaci, kar ku yi dariya, sunayen wurare ne, don abin da muke kira Bakin Rijiya su da Yarbanci suka san shi, sai da muka zaga da ƙafa muna ɗaukar hoto.

Yanzu damuwata tiransifa. Ka saba da ofisa yau, gobe an ɗauke shi, sabo bai san da zamanka ba. Jiya ma sai da na sake kai gaisuwa da takardar lambobinmu.