Tayar da 504 a tsakar gida

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san Peugeot 504 'yar gida ce. Tun 1975 aka fara harhaɗa ta a Kakuri, kuma har gobe in ka leƙa gidaje a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi za ka tarar da ita a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaji sun tare a ƙarƙashinta. Ta mahaifinmu ma haka take tun rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Bana na ce bari in ga ko da sauran rai.

Injin da ya daɗe a kwance ba da makulli ake fara shi ba. Filogi huɗun na kwance, na ɗiga baƙin mai a kowane rami don ya jiƙa ringi, na ba shi lokaci, sannan na sa sufana ina juya injin da hannu a hankali. Da ya motsa na san fistin bai kama ba. Tsohon fetur kuwa ya zama danƙo, ya toshe kafireta, sai da aka sauke tanki aka wanke. Gaskit da sauran tarkace a Panteka na samo su.

Wani dattijon bakanike a layinmu ya leƙo ya iske ina shirin ɗaga kan injin. Ya ce, "Alhaji, in ka ɗaga shi, kada ka kuskura ka juya injin sai ka danne silinda." Na ce, "Baba, saboda me?" Ashe silindar 504, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, cire ta ake iya yi daga jikin injin, ruwan lagireto kuma a jikinta yake zagayawa. Da fistin ya ɗan ɗaga ta, abin da ya toshe gindinta ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai, aiki ya dawo sabo.

Ni dai injin bai ba ni tsoro ba, gidan ne abin tsoro. A gareji akwai ramin shiga ƙarƙashin mota. A gida jak ne kawai, sai bulon siminti da mutane ke tarawa su shige ƙasa da ƙarfin hali. Bulo ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda, motar kuma ta fi tan ɗaya. Katako mai kauri na sa, na tura tayar da na cire a ƙarƙashi, na kuma datse tayoyin baya da dutse.

Sai wuta. Dabarar zuba fetur a bakin kafireta wani na murza makulli ta ƙone fuskoki da yawa, don injin kan yi tari ya watso harshen wuta ta nan. To ina ga tsakar gida, uwargida ta hura gawayi taku kaɗan daga inda ka ajiye kwanon fetur, yara kuma sun kewaye ka suna kallo? Batir ma in yana caji iskar da yake fitarwa tana kamawa da ɗan tartsatsi, shi ya sa wayar nagatif ake fara cirewa, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa. Hayaƙin salansa kuwa irin na janareto ne, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, don haka ban yarda na tayar da ita a rufaffen wuri ba. Babbar riga ma sai an tuɓe ta, saboda fanbel.

Ta tashi dai, da baƙin hayaƙi da karkarwa, sannan ta daidaita. Birki ne ya rage, shi kam ba zan taɓa shi a gida ba. Na yi magana da mai janwe, ranar Asabar zai kai ta garejin Baba bakanike.