Na ciyar da kifayen teku a tsakiyar kasuwar Dubai Mall

Sarin kaya ne ya kai ni Dubai, kuma kamar yawancin 'yan kasuwarmu na Kano, ban cika wuce Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci ta birnin, ba. Da aka gama ɗaure kaya aka miƙa wa masu kago, ƙanena da ke zaune a can ya ce sai mun je ganin kifaye. Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, jan layi, muka sauka a tashar Burj Khalifa, muka bi doguwar gada mai sanyin na'ura har cikin Dubai Mall.

Tun daga nesa mutum zai hango taron jama'a a gaban wani bango na ruwa. Tanki ne da ke cin lita miliyan 10, an buɗe shi a 2008. Bangon da ake leƙen kifayen ta cikinsa ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri da ake kira akirilik, kaurinta santimita 75, faɗinta ya kusa mita 33. Daga nan kallo kyauta ne. Wanda ya yanki tikiti shi ke shiga wata hanya mai tsawon mita 48 da ta ratsa ta ƙarƙashin ruwan, kifaye dama da hagu da bisa kai.

A nan na daɗe. Wani kifin shak ya zo ya gitta ta samana a hankali, bakinsa a buɗe, haƙora zaƙo-zaƙo sun karkace ciki da waje. Ma'aikacin wurin ya ce duk wannan kamar tasa, irinsa ba mafaɗaci ba ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Kifin shak ba shi da jakar iskar da sauran kifaye ke da ita a ciki, to wannan nau'in sai ya hau saman ruwa ya haɗiyi iska ya ajiye a tumbinsa, ita ke riƙe shi kada ya nutse. Allah mai iko!

Ciyarwar a saman tankin ake yi, inda baƙi ba sa gani daga kasuwa. Wuri ne na aiki, ƙarnin kifi da ƙugin injinan tace ruwa. Aka ba mu rigar kariya, muka zaga a ƙaramin kwalekwale mai gindin gilashi, sannan aka miƙo mana abincin a ɗan kofi, a aune. Na watsa kaɗan, ruwan ya yamutse nan take.

Sai ga wani kifi mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya, ya taso yana kaɗa gefunansa. Idanunsa a sama suke, bakinsa kuwa a ƙasa, don haka ba ya ganin abin da yake ci, sansano shi yake yi. Babu ƙashi a jikinsa, guringuntsi ne kawai, haƙoransa kuma shimfiɗaɗɗu ne na murƙushe ƙwanso. “Yaya, dubi yadda yake lulluɓe abincin kafin ya zuƙe,” in ji ƙanena. Haka kuwa yake yi, ya rufe shi da jikinsa, sai dai ka ga babu.

Na tambayi ma'aikacin me ya hana manya cinye ƙanana. Ya ce ƙoshi. Kowane nau'i da abincinsa da lokacinsa, masu ninƙaya na shiga da tukunyar iska a baya su ba manyan nasu, ana kuma lura da wanda ya ƙi ci, domin sau da yawa alamar ciwo ke nan. Shi ya sa ba a yarda baƙo ya jefa komai nasa ba. Wannan kula ta burge ni fiye da girman ginin.

A bene na sama akwai ƙaton kada da aka kawo daga Ostireliya a 2014, tsawonsa ya haura mita 5. Mun same shi kwance, ko motsi bai yi ba.

Duk wanda sari ya kai shi Deira, ya ware rabin yini ya je, da yara in da hali. Ya dai kauce wa Asabar da Lahadi, ranakun hutunsu ne yanzu, kuma da safe aka fi samun sararin tsayawa a hanyar ƙarƙashin ruwan.