Haihuwar da na shirya yi a ɗakina

Cikina na uku yana wata 7 lokacin da na ce wa Malam wannan karon a gida nake son haihuwa. Ɗana na fari a gidan iyayena na haife shi, wajen goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Ta biyu a wani asibiti na haife ta, kuma daren nan bai bar raina ba: ina murƙususu a kan benci babu mai kallona, ga wata magana da wata ma'aikaciya ta yaɓa min wadda har yau ba na iya maimaita ta. Malam bai musa ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, sai masu awo sun ce babu matsala.

A unguwarmu ta Mabera akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi shekaru tana karɓar haihuwa kafin ta yi ritaya. Kowa Sista yake ce mata. Da na je wurinta ba ta tambaye ni kayan jariri ba, katin awona ta ce in miƙo. Ta duba awon jinina na kowane wata, ta ga bai taɓa kai 140 bisa 90 ba. Ta duba ko jinina ya yi ƙasa, ko na yi allurar tetanus, ko ina shan maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sannan ta faɗa min gaskiya ba rufa-rufa: mai hawan jini, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa tiyata aka ciro ɗa, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye ko ya zo ta ƙafa, ita ba ta karɓar haihuwarsu a gida ko nawa za a ba ta. Ta tura ni hoton ciki a mako na 36. Kan yarinya na ƙasa, mabiyiya ba ta tare hanya ba. Sai a ranar ta ce ta yarda.

Haɗa kaya bai ba ni wahala ba. Sabuwar reza a cikin takardarta, abin maƙale cibiya, safar hannu, sabulu, audugar mata, ledar shimfiɗa, da tsofaffin zannuwa 6 da na wanke na shanya a rana na goge. Fitila mai caji guda biyu, don watan Afrilu ne, zafin Sakkwato ya wuce digiri 40, wuta kuwa sai an ga dama a kawo. Itacen wankan jego tun da wuri Malam ya jibge shi a bayan ɗaki. Sista ta ƙara da abu biyu: ƙwayoyi 3 na misofurostol, da ake sha bayan jariri ya fito don rage zubar jini, da man cibiya na kulohekzidin. Tun 2013 jiharmu ta fara raba waɗannan magunguna biyu ga matan da ke haihuwa a gida, amma mata da yawa ba su san ƙa'idar ƙwayoyin ba. Ba a shan su ana cikin naƙuda, don suna iya yaga mahaifa. Sista ta riƙe su a jakarta, ba ta bar su a hannuna ba.

Inda aikin yake shi ne wajen mutanen gida. Surukata, Inna, mace ce mai ƙaunata, ta haifi tara duk a ɗakinta, kuma tana da yadda ta san ana yi: a gasa cibiya da tsumma mai zafi, a yi wa jariri wanka nan take, a tatse dakashi a zubar a ba shi ruwa kafin nono ya kawo. Na san idan na bari sai daren haihuwa, ba ni da bakin jayayya da ita, kuma ba tarbiyya ba ce ma. Sai na roƙi Sista ta zo gaishe ta tun ina wata 8. Suka zauna a tabarma bayan la'asar, tsohuwa da tsohuwa. Sista ta ce mata dakashin nan mai kauri shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri, cibiya kuma man nan kaɗai za a shafa mata, wanka sai ya kwana. Inna ta yi shiru, can ta ce, "To, mu dai ba haka munka taso munka gani ba, amma in dai don lahiyar jikata ne, a yi." A kan wankan jego ita ma aka ba ta nata: za a yi shi da ganyen dogon yaro safe da yamma, sai dai a surka ruwan, kunun kanwa kuma a rage masa kanwa sosai, tunda likitoci sun daɗe suna danganta yawanta da kumburi da ciwon zuciya na bayan haihuwa.

A zaman nan ne Sista ta kawo maganar da ni ban taɓa sa ta cikin shirin haihuwa ba. Malam yana fatauci zuwa Illela, kan iyakar Nijar, wani lokaci ya kwana can. Ta ce masa, "Malam, in dare ya yi ba ka nan, wa zai ce a fita da ita?" Ta ce ta sha ganin mace tana zubar da jini ana tsaye a kanta ana neman wayar miji, don babu wanda zai ɗauki nauyin fitar da matar wani ba da izini ba. A gaban mahaifiyarsa Malam ya ce ya ba da izini, duk sa'ar da Sista ta ce a tafi, a tafi, ba sai an neme shi ba. Ya sa kuɗi a ambulan ya ba Inna ajiya. Ya yi magana da masu Keke Napep biyu a layinmu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne. Ƙannena biyu suka je aka gwada jininsu, na ɗaya ya dace da nawa. Muka tsayar da cewa asibitin mata da yara na Maryam Abacha za mu nufa, in abin ya fi ƙarfinsu sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni kuma aka sa ni na haddace abubuwan da ba a jira a kansu: jini kafin haihuwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska, jijjiga, faya ta fashe ruwan ya zo kore, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa 12.

Naƙuda ta kama ni bayan sallar isha'i, Malam kuwa yana Illela. A haihuwata ta fari ɓoyewa na yi saboda kunya har sai da na kasa tsayuwa. Wannan karon ciwo na fara daidaita na aika a kira Sista. Na yi ta zagaya tsakar gida ina dafa bango, Inna na min firfita tana addu'a, ana ba ni kunu kaɗan-kaɗan. Wajen ƙarfe 3 na dare na durƙusa a ɗakina, a kan ledar nan, yarinya ta faɗo da kukanta. Sista ta goge ta, ta ɗora min ita a ƙirji fata da fata, ta lulluɓe mu da zane ɗaya. Ta lallatsa cikina ta tabbatar babu na biyu, sannan ta ba ni ƙwayoyin. Babu mai tsawa, babu baƙon ido. Abin da na nema ke nan, kuma na same shi.

Sai mabiyiya ta ƙi faɗowa. Sista tana duba agogon hannunta a hasken fitila. Aka sa yarinya a nono, aka sa ni na yi fitsari, shiru. Inna ta kawo shawarar in busa kwalba, wata maƙwabciya ta ce a turara barkono in yi atishawa. Sista ba ta ja cibiyar da ƙarfi ba, ba ta kuma bari kowa ya taɓa ba. Da minti 30 ya cika, ga jini ya fara jiƙa zane na biyu, ta ce, "Inna, a kira mai keke." Inna ba ta ce uffan ba, ta buɗe adaka ta ciro ambulan. Wayar mai keke na farko a kashe take. Na biyu ya ɗauka a bugu ɗaya.

A asibiti aka sa min ƙarin ruwa, aka yi min allura, aka ciro mabiyiyar. Ƙanena ya zo yana jira a baranda, Allah ya sa ba a kai ga ƙarin jini ba. Kuskure ɗaya da na yi ya ɓata mana lokaci: jakar asibiti a shirye take tun mako 3 da suka wuce, amma katin awo yana kan durowa inda na ajiye shi bayan awon ƙarshe. Ana tambayata rukunin jinina da sakamakon gwaje-gwaje ina cikin jiri, sai da yaro ya koma gida a kabu-kabu ya ɗauko. Malam bai ji labari ba sai bayan sallar asuba, lokacin ina kwance ina shayarwa. Kafin a sallame mu aka yi wa yarinya allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, aka ɗiga mata na shan inna.

Bayan suna Sista ta zo duba cibiya, ta tarar ta faɗi ta bushe tsaf. Ta ce min wadda mabiyiya ta taɓa maƙale wa tana iya sake maƙalewa, don haka in Allah ya kawo wani rabo, a asibiti zan haihu, ita kuma za ta raka ni ta zauna kusa da gadona. Na ce na yarda. Yanzu ƙanwata ce ke da cikin wata 7 a Runjin Sambo, mijinta direban babbar mota ne. Ranar Juma'a ni da Inna za mu je gidan, mun ce masa ya jira mu kafin ya ɗauki hanya.