Daga Agege zuwa Shomolu: yadda mujallar unguwa ke fita, da inda take lalacewa

Mujallar Hausa a Legas tana da wata matsala da takwararta ta Kano ko Zariya ba ta da ita: mai buga ta ba ya jin Hausa. Yawancin aikin ɗab'i a garin nan a Shomolu ake yin sa, wasu a Mushin, kuma ma'aikatan sun iya aikinsu ƙwarai. Sai dai in "ƙasa" ta koma "kasa", ko "ɗaki" ya fito da ɗan akwati a gurbin harafin farko, babu wanda zai tsayar da inji. Don haka duk wani gyara a hannunku zai ƙare, kafin fayil ya bar kwamfuta.

A fara da lissafin shafuka, tun kafin a nemi marubuci ko ɗaya. Mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya dole shafukanta su rabu huɗu-huɗu, domin kowane falle da aka ninka shafi huɗu ne. Babu mujalla mai shafi 30. Ko 28 ko 32. Mu 32 muka fi so, ban da bango, saboda ta fi dacewa da yadda ake yanka takarda. Babban falle mai inci 25 da 36 yana ɗaukar shafi 16 na girman A4, takwas gaba takwas baya. Ke nan kwafi ɗaya falle biyu zai ci, kwafi 1,000 kuma falle 2,000, wato rim huɗu mai falle 500. A ƙara wani abu a kai, don ana ɓata takarda kafin tawada ta daidaita a kan inji. Wanda ya sayi daidai cif zai karɓi kwafin da bai cika ba.

Kuɗin kuma a farantin bugu yake ɓuya, wanda masu aikin ke kira filet. Injin da ke ɗaukar shafi huɗu a fuska ɗaya zai buga shafi 32 a fuska takwas. In baƙi ne zalla, filet takwas. In kala ce, kowace fuska filet huɗu take so, ɗaya ga kowace tawada, jimilla 32. Dabarar ita ce a tara kala a wuri ɗaya, amma ba yadda ido ke ganin jerin shafuka ba. A mujalla mai shafi 32, shafi na 1 da na 32 maƙwabta ne a falle, na 2 da na 31, haka har tsakiya. Kowane biyu in an haɗa su 33 ne. A zauna da mai maɗaba'a ya nuna shafukan da ke fuska ɗaya, sannan a zuba tallace-tallace da hotunan biki a cikinsu. Hoto ɗaya mai kala da aka jefa a shafin da ba nasa ba yana jawo ƙarin filet uku. In kwafin bai wuce ɗari ɗaya ko biyu ba, a manta da filet, a je wajen masu bugun dijital.

Takardar ciki, in babu hotuna da yawa, fara mai giram 70 ko 80 ta isa. Shafukan kala sun fi kyau a mai sheƙi giram 115 ko 135, bango kuma 250. Kusan duk takardar nan daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi, saboda haka farashin da aka faɗa muku yau kada ku gina kasafin wata mai zuwa a kansa.

Sai haruffa masu lanƙwasa, waɗanda su ne suka fi cin mutuncin mujallun Hausa. Ba kowane zubin harafi ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, musamman na ado da masu tsara shafi ke so a kanun labari. A gwada kowanne da ƙananan haruffan da manyansu, Ɓ, Ɗ, Ƙ, domin akwai mai ƙaramin amma babu babban. Charis SIL da Noto suna da su duka, kuma kyauta ne. Ko zubin ya yi daidai a kwamfutarku, ta maɗaba'a mai yiwuwa ba ta da shi, sai ta musanya da wani ba tare da ta tambayi kowa ba. Manhajar tsara shafi ta CorelDRAW ce ta fi yawa a Shomolu. A cikinta a zaɓi dukkan rubutun a danna Ctrl da Q, ya koma zane, sannan a fitar da PDF. A ajiye wani kwafin daban kafin a yi haka, don rubutun da ya koma zane ba ya gyaruwa.

Tun da Hausawan Legas daga ko'ina suke, Basakkwace da Bakano da ɗan Maraɗi duk za su aiko da rubutu. A tsayar da ƙa'ida ɗaya: daidaitacciyar Hausa a labari, karin harshen mutum a bar masa shi a cikin hirarsa. Ɗan Nijar zai rubuta ƴaƴa, ɗan Nijeriya 'ya'ya. A zaɓi ɗaya a bi har ƙarshe.

Hotuna kuwa, WhatsApp yana matse su. A ce wa mai aikowa ya turo a matsayin fayil, ba hoto ba. Hoton da zai cika shafin A4 yana buƙatar wajen ɗigo 2,500 a faɗi da 3,500 a tsawo; wanda bai kai ba a ƙanƙanta shi a shafi. A mayar da kowane hoto CMYK, wato tsarin tawada huɗu na maɗaba'a, in ba haka ba koren da ya yi haske a waya zai fito a dushe. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada kaɗai, don in an haɗa su da tawada huɗu, ɗan gocewar inji sai harafi ya yi inuwa. Hoton da ya kai bakin shafi a bar masa rarar milimita 3 saboda wuƙar yanka.

Akwai abin da ba na inji ba, kuma ya fi duk waɗannan tada ƙura: suna da sarauta. A rubuta Alhaji ga wanda ake kira Malam, ko a sa hoton shugaban wata ƙungiya sama da na Sarkin Hausawan unguwa, za ku yi mako kuna ba da haƙuri. Kowane suna da ke ƙarƙashin hoto a karanta wa mai shi a waya. Mutum biyu su duba kwafin gwaji a takarda, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, kuma kada ya zama wanda ya rubuta.

Talla daga 'yan canji take zuwa, da dillalan shanu na Oko-Oba, da 'yan gwari na Mile 12, da masu tireloli na Apapa. Mutane ne masu cika alkawari a harkarsu, amma "a sa, za mu yi magana" ba ya sayen rim. A karɓi aƙalla rabi kafin a rufe shafi.

Ranar fitowa Juma'a ce, domin ƙofar masallaci a Agege da Idi-Araba da Obalende ta fi kowane shago tara masu karatu. Daga nan ake ƙirgowa baya. Takarda mai sheƙi tana son kwana kafin a ninka ta, in ba haka ba tawada ta shafi ɗaya ta manne a ɗaya, kuma da damina ta fi jinkirin bushewa. Ga ɗauke wuta, ga cunkoson titin Ikorodu. Fayil ya isa maɗaba'a ran Litinin. Ƙarshen shekara da lokacin zaɓe kuwa a ƙara mako guda, don kalanda da fastocin 'yan siyasa sun riga ku layi.

In an karɓo kaya, a zaro kwafi daga tsakiyar ɗauri, ba na sama ba, a duba jerin shafuka tun ana gaban mai maɗaba'a. A ware kwafi uku na Ɗakin Karatu na Ƙasa kamar yadda doka ta tanada. Ɗakin Karatun ne kuma ke ba da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla.