Ruwan Farko a Agege

Lahadi, makon farko na Maris.

Daren jiya an yi ruwa. Bai daɗe ba, amma da iska ya zo, ya kwantar da ƙura, ya kuma tafi da wutar unguwa kamar yadda aka saba. Da aka idar da sallar asuba sai na ƙi komawa ɗaki, don zafin da ke ciki ya fi ƙarfin barci. Na bi gefen layin dogo a ƙafa, na nufi wajen gadar Pen Cinema.

Tun a ƙofar masallaci na ga alamar farko. Ƙarƙashin fitilar sola fukafukan shinge ne zube, sun manne da jiƙaƙƙen siminti, su kuma masu fukafukan suna ta rarrafe biyu-biyu suna neman inda za su shige. Wani jangwada ya samu banza, yana kama ɗaya ya gyaɗa kai, ya sake kama wani. Na tsaya kallonsa har wani ɗan acaba ya tambaye ni ko kuɗi na yar.

Iska ma ta juya. A watan Janairu daga arewa take busowa da hazonta, ta busar da leɓe, ta fasa dunduniya. Yau daga wajen teku take zuwa, mai nauyi, mai laima. Ban yi nisa ba riga ta manne mini a baya, man shafawar da nake yawo da shi a aljihu tun Disamba kuwa ya tashi aiki.

A bayan wata makarantar firamare akwai dogonyaro da mangwaro da nake wucewa kullum ban taɓa ɗaga kai ba. Ruwa ya wanke musu ƙurar da ta mayar da su ruwan ƙasa. Dogonyaron ya yi fure, ƙanana farare, ƙamshinsu har bakin titi, abin mamaki ga itacen da ganyensa ke da wannan ɗacin. Mangwaron ya riga ya zubar da nasa furen, 'ya'ya sun ɗauru, iskar jiya ta kakkaɓo waɗansu, yara na tsinta suna ci da gishiri. A tsagar kwalbati ciyawa ta leƙo. Kwaɗi kuma, waɗanda ban ji muryarsu ba tun ƙarshen bara, sun buɗe baki a cikin kwata. Shirwa dai har yanzu suna nan suna shawagi, amma na san halinsu: rani suke yi a kudu, in damina ta kankama sai su bi ta zuwa arewa.

Na sayi agwaluma wurin wata Iya. Ta ce in ɗiba da yawa, sai ruwa ya taɓa ta take yin zaƙi, kuma lokacinta ya kusa wucewa. Na tsotsi ɗaya a tsaye. Ko ruwan ne ko bakin mai talla ne, ta yi zaƙi.

Daga nan na kira Baba a Kura.

"Baba, barka da asuba. Mu nan fa an yi mana ruwa."

Ya yi dariya. "Ruwa a Maris? Ku dai Ikko komai naku da gaggawa. Mu yanzu zafin bazara ke ɗaura ɗamara."

Gaskiyarsa. A gida sai Mayu ko Yuni ake sa ran ruwan shuka, bayan an ga shamuwa ta sauka a kan kuka da tsamiya, kuma Agusta ne tsakiyar damina. Nan kuwa daga Afrilu ruwa ya zauna, Yuni ya fi kowane wata, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Duk daɗewata a garin nan jikina da lissafin Kano yake aiki. Ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa hannuna ya fara ƙaiƙayin fartanya, alhali ko taki ɗaya na gona ba ni da shi a Legas.

Abin da nake da shi kwandunan tumatir ne a kasuwar Mile 12, kuma shi wannan ruwan ba albishir ba ne a wurinsu. Tumatirin noman rani na Kadawa yanzu yake araha. Nan da wata biyu zai ja baya, laima ta riƙa ruɓar da wanda ya iso, kwando ya yi tsada, masu saye su riƙa hararmu kamar mu muka ɓoye shi.

Da na dawo na tarar da Malam mai gidanmu a tsugune yana zaro ledojin fiya wata daga kwatar ƙofar gida. Na naɗe hannun riga na karɓi shebur. Bara a Yuni ruwa har cikin zaure ya shigo, bana ba ma so a maimaita. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo kafinta ya duba kwanon da ke yoyo saitin katifata.